Godiya ga Waɗanda Suka Sake Tayar da Inna Tsaye

  Na rubuta wannan ne a madadin kaina da ƙannena da dukkan zuri'ar gidanmu da ke unguwar Jahun a cikin garin Bauchi, domin mu gode wa bayin Allah da suka tsaya wa mahaifiyarmu a lokacin da tsufa ya fara taɓa mata tunani. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Abin da suka yi mana ya fi ƙarfin aljihunmu, saboda haka bakinmu da addu'armu za su biya. Ba zan kama sunan kowa ba, domin yawancinsu mutane ne da ba sa son a yi shelar alherinsu, amma duk wanda ya karanta zai gane kansa.

Inna ta haura shekara saba'in. Duk wanda ya san ta a da ya san ta a bakin tanda, domin da sana'ar masa ta yi tarbiyyarmu. Ba ta taɓa riƙe littafin lissafi ba, amma ta san kuɗin shinkafa da na mai da na itace, ta san wanda ya biya da wanda ya ce sai gobe, duk a kai. Bayan rasuwar Baba, sai ciwon gwiwa da hawan jini suka haɗu mata, ta ajiye sana'a, ta koma ɗaki. Daga nan abubuwa suka soma canzawa. Takan ɗora tukunya ta manta da ita sai ƙauri ya tashi. Takan yi tambaya a ba ta amsa, jim kaɗan ta sake yin ta. Abin da ya fi sa ta kuka shi ne ruɗewa a adadin raka'o'in salla. Wata safiya kuma santsi ya kwashe ta a bakin makewayi. Allah ya tsare ba ta karye ba, amma tsoron faɗuwa ya shige ta, har tsallaka tsakar gida ya zame mata aiki.

A garinmu idan dattijo ya kai wannan hali, magana biyu ake ji: gigin tsufa ne, sai haƙuri. Ƙaunarmu ga iyaye ma ta wannan hanya take bi. A karɓe musu tsintsiya, a karɓe buta, a kawo musu komai har gaban shimfiɗa, a ce su zauna su huta, sun yi nasu. Niyyar kyakkyawa ce, kuma biyayya ce ta kawo ta. Sai dai mutanen da nake gode wa a yau sun nuna mana cewa yawan zama yana cin jikin tsoho, yana kuma cin ƙwaƙwalwarsa, kuma kyautata wa iyaye ya haɗa da riƙe musu hannu su miƙe.

Godiyarmu ta farko ga likitan da ya duba Inna a wani asibiti a nan cikin gari. Ga layi ya yi tsawo, ga zafin bazara, amma ya saurare ta har ta kai aya. Ya auna jininta, ya sa aka gwada suga, ya tambayi irin barcinta da cin abincinta, ya ce a zazzage masa duk magungunan da take sha, har da na gargajiya. Ya bayyana mana cewa ƙarancin wasu sinadarai a jini, da matsalar maƙoƙo, da baƙin ciki mai tsanani, da raunin ji ko gani, duk suna iya sa tsoho ya yi kama da mai cutar mantuwa, kuma yawancinsu ana maganinsu. Da ya ji ba ta yi boko ba, sai ya ajiye takarda da biro, ya ciro tsinken ashana huɗu ya jera su a kan tebur cikin wani tsari, ya wargaza, ya ce ta maimaita. Wannan gwaji masana ne a Ibadan suka tsara shi tare da abokan aikinsu na Amurka, domin dattawanmu da ba su saba da riƙon alƙalami ba. Ina kallon yatsun Inna suna rawa a kan tsinkayen, ta jera biyu daidai, ta tsaya a na uku tana duban fuskarsa. Bai gaggauta ta ba, bai kuma nuna mata ta gaza ba.

Daga ƙarshe ya ce abin da ke damunta raunin tunani ne na matakin farko, wanda bai kai cutar mantuwa ba. Wasu masu irin wannan hali sukan zarce zuwa cutar, wasu sukan tsaya a nan shekaru, wasu ma sukan samu sauƙi. Ya daidaita mata maganin hawan jini, ya tura ta wajen likitan ido, sannan ya rubuta takarda zuwa sashen gashi. Ya dube ta ya ce, “Mama, rabin maganinki yana cikin kwalba, rabin kuma yana ƙafafunki.” Ta ce, “To ɗan nan, ƙafafun ai sun ƙi.” Ya ce, “Za su yarda in an lallashe su.” Likita, Allah ya yi wa iliminka albarka, ya jiƙan mahaifanka.

Abin da ya faɗa mata ya yi daidai da abin da manyan masana suka tabbatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, sama da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki irin tamu, kuma ana samun sababbin masu ita kusan miliyan 10 duk shekara. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Gill Livingston ta Landan, ya lissafa abubuwa 14 da in aka magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kimanin kashi 45 cikin 100 na cutar. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji, raunin gani, kaɗaici da rashin motsa jiki. Da na duba jerin, sai na ga huɗu daga ciki sun taru a ɗakin Inna, kuma babu ko ɗaya da ya gagari gyara.

Godiya ta biyu, kuma mafi nauyi, ga likitar gashi da ta karɓi Inna tamkar uwar da ta haife ta. Ita ce ta fara ambata mana taici. Wani salon motsa jiki ne na mutanen ƙasar Sin, wanda ake danganta tushensa da ƙauyen zuri'ar Chen a lardin Henan tun ƙarni na 17. Da farko dabarar kare kai ce, daga baya ta zama atisayen lafiya da dattawan Sin ke yi da sassafe a filaye da lambuna. A 1956 hukumar wasannin ƙasar ta taƙaita shi zuwa motsi 24 domin kowa ya iya, kuma a Disamban 2020 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Likitar ba ta ɗora wa Inna duka ba. Ta zaɓi kaɗan masu sauƙi, ta ce da su za a fara.

Na ga yadda aka yi darasin farko, kuma ba zan manta da shi ba. Ta tsayar da Inna a bayan kujera mai ƙarfi, hannu ɗaya a kan makarin kujerar, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwoyi a ɗan sassauce. Ta ce ta mayar da nauyinta kan ƙafar dama a hankali, har ta ji tafin ƙafar ya cika da ƙasa, sannan ta ɗaga dunduniyar hagu kaɗan, ta shaƙi iska, ta dawo tsakiya, ta koma hagu tana fitar da numfashi. Da wannan ya zauna, sai aka ƙara hannuwa: ɗaya ya taso zuwa ƙirji, ɗaya ya sauka zuwa cibiya, ƙugu ya juya, ido ya bi hannun da ke sama. Inna ta yi shi sau da dama tana ɓata, can sai ta yi murmushi ta ce, “Yo 'yar nan, wannan ai bakace ne babu faifai.” Likitar ta ce, “Shi ne, Hajiya. Sai dai wannan ba a son sauri.” Tun daga ranar, jikinta ya gane abin da ake nema.

Ta yi mana bayanin abin da ya sa motsi mai sanyi irin wannan yake kaiwa ga ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke amfani da shi, kuma ta hanyar jini yake isa gare ta. Duk abin da ya gyara bugun zuciya da jijiyoyin jini ya gyara mata abinci. Motsa jiki yana kuma taimaka wa wani sinadari da ke raya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ƙarfafa haɗuwarsu. Taici ya ƙara da wani abu a kan wannan: ba ya yiwuwa da hankali a wani wuri. Dole mai yi ya tuna motsin da ke biye, ya san inda nauyinsa yake, ya haɗa hannu da ƙafa da ido da numfashi a lokaci guda. Ga shi ba ya dukan gwiwa, ba ya buƙatar na'ura ko takalmi na musamman, kuma faɗin tabarma biyu ya ishe shi.

An gwada wannan a aikace. Dokta Fuzhong Li da abokan aikinsa a jihar Oregon ta Amurka sun wallafa wani bincike a 2018 a kan dattawa 670 masu shekara 70 zuwa sama waɗanda ke cikin haɗarin faɗuwa. Bayan mako 24, waɗanda suka yi taici sun rage faɗuwa da kashi 58 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka yi atisayen miƙe gaɓoɓi kawai. A 2023 suka sake wallafa wani a kan dattawa fiye da 300 masu ƙorafin mantuwa, waɗanda suka riƙa yin atisaye na awa ɗaya sau biyu a mako har wata shida. An raba su uku: masu miƙe gaɓoɓi, masu taici na yau da kullum, da masu taici da aka haɗa da aikin tunani, irin su jero haruffan kalma gaba da baya ana cikin motsi. A gwajin tunani mai maki 30, rukunin ƙarshe ya fi masu miƙe gaɓoɓi ci gaba da maki 2.8, ya fi masu taici zalla da maki 1.5.

Hikimar likitarmu ita ce ta mayar da wannan aikin tunani zuwa abin da Inna ta sani. Maimakon haruffan boko, sai ta ce tana motsi tana jero ƙofofin Bauchi: Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Wase, Ƙofar Inkil, Ƙofar Tirwun, Ƙofar Nassarawa, har zuwa tamu ta Jahun, sannan ta dawo da su daga ƙarshe zuwa farko. Wata rana sunayen jikoki ne daga auta zuwa babba. Wata rana kayan haɗin ƙullun masa bi da bi, tun daga jiƙa shinkafa har zuwa zuba mai a tanda. Wata rana lissafin canji: an sayi masa ta ɗari uku da hamsin, an ba da dubu ɗaya, nawa ya rage? Da wannan ta dawo mata da duniyarta ta da, ta kuma dawo mata da mutuncinta, domin a waɗannan tambayoyi Inna ce gwana. Likita, abin da kika yi wa uwarmu Allah ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da shi.

Muna gode wa malamar Islamiyyar matan unguwarmu. Da labari ya bazu cewa Inna tana wani motsi na Sinawa, wasu sun yi ta ƙananan maganganu, har ita kanta ta fara ɗari-ɗari, tana tsoron kada ya zama wani abu da ya saɓa wa addini. Malama ta tako har gida, ta zauna ta kalli atisayen daga farko zuwa ƙarshe. Ta ce ba ta ga rusunawa ga kowa ba, ba ta ji kiran wani abin bauta ba, motsa gaɓoɓi ne bisa shawarar likita, kuma jiki amana ne da za a tambaye mu a kansa. Ta ƙara da cewa duk abin da zai taimaki mutum ya tsaya a salla da ƙafafunsa abin nema ne. Maganarta ta kashe wutar, har wasu ɗalibanta suka nemi a koya musu. Allah ya ƙara wa Malama ilimi mai amfani.

Muna gode wa 'yar ƙanwata, yarinya 'yar sakandare, wadda ta ɗauki hoton bidiyon darussan a waya, take kunna wa kakarta kowace safiya kafin ta tafi makaranta, tana tsaye a gefenta tana ƙirga mata. In Inna ta ce yau jiki babu daɗi, sai ta ce, “Haba Kaka, ko na zaune mu yi.” Wasan jika da kaka ya yi abin da rarrashinmu ya kasa. Muna gode wa maƙwabtanmu, dattijai mata da suka riƙa shigowa da hantsi suna jeruwa a tsakar gidanmu, a yi motsi, a yi dariya, a yi hirar bikin wance da sunan wance. Da hunturu ya shigo suka mayar da lokacin zuwa bayan rana ta ɗaga, da damina kuma suka koma zaure. Kaɗaici yana cikin abubuwan nan 14, kuma su ne suka kore shi daga gidanmu. Muna gode wa mai Keke Napep ɗin da yake kai ta asibiti, yana rage gudu a kan kowane rami, yana jiran ta har ta fito, bai taɓa ƙara ko sisi a kan abin da aka yi ciniki ba.

Su dai maƙwabtan nan mata ne suka ja ta zuwa tafiyar ƙafa. Da farko daga ɗaki zuwa ƙofar gida, sannan zuwa bakin layi, yanzu kuwa har Islamiyya da ƙafarta take zuwa. Sannu ba ta hana zuwa. Tafiyar ma tana da nata amfanin ga ƙwaƙwalwa. A 2011 Kirk Erickson na Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinsa sun wallafa bincike a kan manya 120. Rabinsu sun riƙa tafiya da ɗan hanzari kwana uku a mako, har suka kai minti 40 a kowace fita. Bayan shekara guda, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa sashen da ke adana sababbin abubuwan tunawa, wanda likitoci ke kira hifokamfus, ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100 a wajensu, alhali ya ɗan ragu a wajen sauran. Wannan sashe yana cikin waɗanda cutar mantuwa ta Alzaima ke fara kamawa.

Akwai kuma waɗanda ba mu taɓa gani ba, amma suna da hakki a kanmu. Su ne masu binciken da suka ƙarar da shekarunsu a kan lafiyar tsofaffi, da dattawan da suka yarda aka yi gwaji da su domin na baya su amfana. A nan gida Najeriya, tun 1992 marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi na Ibadan, tare da Farfesa Hugh Hendrie na Amurka, suka riƙa bibiyar dubban tsofaffi a Ibadan da birnin Indiyanafolis. Sun gano cewa dattawan Ibadan ba sa kamuwa da cutar mantuwa da yawan da baƙaƙen fatar Amurka ke kamuwa, abin da ya ja hankalin duniya ga rawar da abinci, lafiyar jijiyoyin jini da tsarin rayuwa ke takawa. Tsinken ashana huɗun da aka jera wa Inna daga wannan aiki ya fito. Muna gode musu, na raye da waɗanda suka riga mu.

Gaskiya ta wajaba a cikin godiya. Inna ba ta koma yadda take tana da shekara hamsin ba, kuma likita ya faɗa mana tun farko cewa motsa jiki ba ya warkar da cutar mantuwa idan ta kama, ba ya kuma maye gurbin magani. Har yanzu takan nemi carbinta yana wuyanta. Amma ba ta sake faɗuwa ba. Jininta ya daidaita, barcinta ya gyaru, fara'arta ta dawo. Tana sallar farilla a tsaye, kuma ruɗewar raka'a ta ragu ƙwarai. Da ƙaramar sallar da ta wuce ita ta zauna a bakin tanda ta soya wa jikokinta masa, tana gyara wa surukanta kaurin ƙullu. Da aka maimaita gwajin ashana, ta jera tsarin da ya gagare ta a karon farko. A wurinmu wannan babbar ni'ima ce.

Tukwicin da ya fi dacewa da waɗannan bayin Allah shi ne alherinsu ya wuce gidanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mai shekara 65 zuwa sama ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato kamar rabin awa a kwana biyar, tare da atisayen daidaita tsayuwa da ƙarfafa gaɓoɓi kwana uku ko fiye. Wanda bai iya wannan ba ya yi abin da ya sawwaƙa, domin kaɗan ya fi babu. A fara da ganin likita, musamman ga mai ciwon zuciya, hawan jini ko jiri. A tanadi kujera ko bango na dafawa, a kauce wa santsi da tsakar rana, a sha ruwa, a dakata nan take idan aka ji ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe.

Ina roƙon kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya da majami'u su ware ɗan lokaci da ɗan fili domin dattawansu, maza daban mata daban. Ina roƙon hukumomin lafiya na jihar Bauchi su horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwanni kan wannan atisaye mai sauƙi, domin likitocin gashi sun yi kaɗan, ba za su iya kaiwa kowane gida ba. Ina roƙon Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, ta waiwayi tsofaffin cikin lunguna, gidajen rediyonmu kuma su riƙa bayanin wannan da Hausa da Fulfulde da sauran harsunan jihar.

Duk wanda ya taimaka mana da shawara, ko addu'a, ko gaisuwa, wanda na ambata da wanda ban ambata ba, Allah ya saka masa da mafificin alheri, ya ba shi masu jin ƙansa ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Kai kuma mai karatu, idan Allah ya bar maka uwa ko uba ko kaka a gida, kuma ka ga mantuwa ta fara yi musu yawa, kada ka tsaya a kan sai haƙuri. Kai su asibiti a duba su, ka nema musu abokan hira, sannan gobe da safe ka riƙe musu hannu su miƙe su taka.